Makaɗan da suka guje wa madugu: tarihin ƙungiyar Academy of St Martin in the Fields



A jerin rubuce-rubucen tarihi da muke kawo muku, yau za mu tsallaka teku zuwa Landan, mu duba wata ƙungiyar makaɗa ta Turawa. Mun san wani zai ce me ya haɗa mu da su. To, duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo daren Talata ko Laraba ya ji muryar mutanen nan, ko da bai san sunansu ba. Taken nan da ake sawa idan 'yan wasa sun jeru kafin a take leda a Gasar Zakarun Turai, wani ɗan Ingila mai suna Tony Britten ne ya tsara shi a 1992. Ya ɗora shi ne a kan wani tsohon kiɗa da Handel ya rubuta a 1727 don bikin naɗin Sarki George na Biyu. A naɗin farko na taken, makaɗan Royal Philharmonic suka yi kiɗan, amma muryoyin da ke tashi sama har tsigar jikin mutum ta tashi, na mawaƙan Academy of St Martin in the Fields ne. Wannan ɗan reshe ne kawai na aikinsu. Asalin ƙungiyar ta masu goge ce, kuma tana cikin ƙungiyoyin kiɗan da suka fi kowa yawan faifai a duniya, sama da 500.

Bari mu fara da bambance abu biyu. Babbar okestira ta Turawa takan tara mutum tamanin zuwa ɗari, da masu goge da masu busa da masu ganguna, ga mutum ɗaya tsaye a gabansu da 'yar siririyar sanda yana nuna musu inda za a shiga, inda za a sassauta, inda za a tsaya. Shi za mu riƙa kira madugu a wannan rubutu. Akwai kuma ƙaramin rukuni, daga mutum goma sha wani abu zuwa kamar arba'in, irin wanda a da yake yi wa sarakuna da attajirai kiɗa a zaurukansu. Su ne makaɗan zaure. Ƙashin bayansu dangin goge ne guda huɗu: bayolin, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, biyola, yayansa mai ɗan kaurin murya, celo, wanda ake zama a jingina shi tsakanin gwiwoyi, sai babbansu, bas, wanda ya kai tsawon mutum. Kowanne tsirkiya huɗu gare shi, saɓanin gogenmu da kukuma masu tsirkiya ɗaya. Kuma komai a rubuce yake a takarda, mai kiɗa yana karantawa yana gugawa.

Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne Neville Marriner. An haife shi a garin Lincoln ranar 15 ga Afrilu, 1924. Mahaifinsa kafinta ne mai son kiɗa, a gida yaron ya fara riƙe bayolin. Ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Sarauta a Landan yana ɗan matashi, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu. Ya shiga soja, aka raunata shi, aka kwantar da shi a asibiti. A wannan jinya ya haɗu da Thurston Dart, wani mai ilimin lissafi da ya haukace a kan tsofaffin takardun kiɗa na ƙarni na 17 da na 18. Wannan abota ta gadon asibiti ita ce tushen kusan duk abin da ya biyo baya, domin Dart ne ya buɗe masa ido ya ga cewa yadda ake kaɗa Bach da Handel a lokacin ya yi nisa da yadda masu abin suka nufa.

A 1956 Marriner ya zama shugaban sahu na biyu na masu bayolin a London Symphony Orchestra. Aiki ne mai daraja, amma yana da ciwo. Mutum ya shekara ashirin yana koyon sana'arsa, sai ya zo ya zauna cikin mutum talatin masu kaɗa abu ɗaya, madugu ya zo daga wata ƙasa, a yi gwaji sau biyu ko uku, ya ce a yi kaza, a yi, ya karɓi tafi ya tafi. Ba mai tambayar ra'ayinka. Sai Marriner ya fara gayyatar abokansa zuwa falon gidansa, a 1958, su goma sha wani abu, su yi kiɗa don jin daɗin kansu. A nan kowa yana da baki. Mai celo zai iya cewa an yi sauri, mai biyola ya ce bai yarda ba, a yi gardama, a sake gwadawa. Marriner yana jan ragama ne daga kujerarsa da bayolin a hannu, da gyaɗa kai da ɗaga kafaɗa. Shi da kansa yakan siffanta su da 'yan gudun hijirar da suka tsere wa madugai.

Sunan ya samo asali ne daga inda suka fara fitowa fili. John Churchill, wanda ke kula da harkar kiɗa a cocin St Martin-in-the-Fields, yana cikin tafiyar tun farko, shi ya buɗe musu ƙofar cocin. Ginin yana bakin dandalin Trafalgar, an kammala shi a 1726, kuma an kira shi "na cikin filaye" ne saboda a ƙarnonin baya wurin gonaki ne tsakanin Landan da Westminster. Waɗanda suka taɓa zuwa ofishin jakadancin Nijeriya a titin Northumberland sun wuce ta kusa da shi, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Kalmar farko ta sunan kuwa ba makaranta take nufi ba. A ƙarni na 18 haka ake kiran taron masu sha'awar kiɗa. Ita ma ƙungiyar ba ta coci ba ce, aron suna da zaure kawai ta yi. Sun yi wasansu na farko ranar 13 ga Nuwamba, 1959, saura ƙasa da shekara ɗaya Nijeriya ta samu 'yancin kai. Ranar Juma'a ce, ga ta 13 ga wata, ranar da Turawa ke camfawa da rashin sa'a.

Ba kuɗi a cikin lamarin da farko, kowa yana riƙe da aikinsa na albashi. Uwargidan Marriner ce ke fama da takardu da kiran waya da tsara wa zai zo yaushe. Mu da muke riƙe da littafin ƙungiya mun san wannan aiki, kuma mun san ba shi ake yi wa tafi ba.

Abin da ya fitar da su daga zauren coci shi ne faifai. Wata attajira 'yar Ostireliya, Louise Hanson-Dyer, tana da ɗan kamfanin faifai da ta kafa a Faransa mai suna L'Oiseau-Lyre, sunan wani tsuntsun ƙasarsu mai kwaikwayon kowane irin sauti. Ita ta ba su damar farko. Suka naɗi faifansu na fari a 1961, ya fito a 1962, shekarar da ita kanta ta mutu. Daga nan suka koma Argo, wani reshe na kamfanin Decca, daga baya kuma Philips da EMI.

Sun zo a kan gaɓa, kuma ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, domin ƙwarewa kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da ya faru ba. Tsohon faifan garmaho minti huɗu ko biyar yake ɗauka a kowane gefe. A 1948 aka fito da faifai mai dogon zango, wanda kowane gefensa ke ɗaukar sama da minti ashirin. A 1958 kuma aka fara sayar da faifan sitiriyo, mai raba sauti dama da hagu. Nan take kamfanoni suka ga cewa duk abin da suka naɗa a baya ya tsufa, sai an sake. Mutane sun sayi sababbin na'urori suna neman abin da za su ɗora. Kiɗan zamanin Vivaldi da Handel ya dace da wannan kasuwa: gajeru ne, na minti goma zuwa sha biyar, uku ko huɗu sun cika faifai, kuma akwai su ɗaruruwa a ɗakunan ajiya ba wanda ya taɓa naɗarsu. Ga shi biyan mutum goma sha biyar ya fi biyan mutum ɗari sauƙi nesa ba kusa ba. Ba su kaɗai suka hango wannan ba. Akwai makaɗan zaure na Stuttgart a Jamus tun 1945, akwai I Musici a Rum tun farkon shekarun 1950, su ma ba su da madugu. Abin da ya fifita mutanen Marriner shi ne sauri wajen aiki da tsabtar sauti. Makaɗan Landan sun shahara da karanta takarda a kallon farko, kuma a situdiyo kowace awa kuɗi ce.

Shi sautin nasu yana da wuyar bayyanawa da baki, amma wanda ya saurara zai gane. Kafin su, manyan okestirori suna kaɗa Bach da nauyi, a hankali, kamar ana jan amalanke cikin yashi. Su kuwa suka rage mutane, suka ɗaga ƙafa, suka sa kowace murya ta fito daban har kana iya bin biyola ita kaɗai a tsakiyar taro. Mafi yawan kiɗan wancan zamani daga rawa ya samo asali, sai suka mayar masa da rawarsa.

A 1969 suka naɗi aikin Vivaldi mai suna Yanayi Huɗu, tare da Alan Loveday, ɗan asalin New Zealand, a matsayin mai bayolin na gaba. Vivaldi mutumin Venis ne, an buga wannan aiki nasa a 1725, ya mutu a Biyana cikin talauci a 1741, aka manta da shi kusan shekara ɗari biyu. Aikin kashi huɗu ne, kowane kashi yana siffanta yanayi ɗaya na shekarar Turai: lokacin tohon ganye, lokacin zafi, kaka, da hunturu mai ƙanƙara. Ba su yi daidai da damina da rani irin namu ba, amma za ka ji kukan tsuntsaye, da haushin kare, da hadari yana tasowa, da haƙora suna kaɗawa don sanyi, duk daga tsirkiya. Faifan ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a irin wannan kiɗa, kuma shi ya kai sunansu gidajen da ba a taɓa sayen faifan irinsa ba.

A daidai wannan lokaci wani abin dariya ya faru. 'Yan gudun hijirar nan suka wayi gari da madugu, kuma ba kowa ba ne illa shi Marriner. Da ayyukan suka ƙara girma, aka shigo da masu busa da masu ganguna, sai gyaɗa kai daga kujera ya daina isa, na can baya ba ya gani. Dattijon madugun nan ɗan Faransa, Pierre Monteux, wanda Marriner ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya kuma yi karatu a makarantarsa a Amurka, ya ƙarfafa masa guiwa ya miƙe tsaye. Ya bar London Symphony a ƙarshen shekarun 1960, ya ajiye bayolin, ya ɗauki sanda. Abin da ya rage daga tsohon tsari shi ne gardamar. Makaɗan sun ci gaba da faɗa masa ra'ayinsu a fuska, shi kuma ya ci gaba da saurara, don ya san zaman waccan kujera.

Shekarun 1970 su ne ganiyarsu. A 1971 suka naɗi kiɗe-kiɗen Brandenburg guda shida na Bach, bisa wani tsari na daban da Thurston Dart ya tono daga tsofaffin takardu. Dart ya fara aikin da su yana kaɗa hafsikod, kakan fiyano, amma ciwo ya ci ƙarfinsa, ya mutu a watan Maris na shekarar yana da shekara 49, wasu suka ƙarasa masa. Suka shiga dogon aiki da Alfred Brendel, mai fiyano, na naɗar ayyukan Mozart na fiyano da okestira, aikin da ya ɗauke su sama da shekara goma. Iona Brown ta naɗi kiɗan Vaughan Williams mai siffanta tashin wani ɗan tsuntsu sama, wanda har gobe Ingilawa ke ji da shi. A tsakiyar shekarun aka kafa rukunin mawaƙa a ƙarƙashin László Heltay, ɗan asalin Hungari, su ne waɗanda muka ambata a sama. Faifansu ya yi yawa a gidajen rediyo har wata mujalla a Amurka ta yi zanen barkwanci: mai gabatarwa a rediyo ya faɗi sunan ƙungiyar, aku a cikin keji ya ƙarasa masa da sunan Marriner.

Ana cikin haka ƙalubale ya taso daga cikin gida. Christopher Hogwood, wanda ya daɗe yana kaɗa musu hafsikod yana kuma taya su binciken takardu, ya kafa tasa ƙungiyar a 1973, Academy of Ancient Music. Hujjarsa mai ƙarfi ce. In dai ana son a ji Handel yadda Handel ya ji kansa, rage yawan mutane bai isa ba, sai an koma ga kayan kiɗan zamaninsa: tsirkiyar hanjin tumaki maimakon ta ƙarfe, sarewar itace, ƙaho marar maɓallai. Trevor Pinnock ma ya bi wannan hanya da tasa ƙungiyar. Abin da ya ƙara wa lamarin zafi, kamfanin da ya rungumi Hogwood shi ne L'Oiseau-Lyre, wanda ya fara fito da Marriner. Cikin shekara goma masu sharhi suka juya. Waɗanda jiya ake kira masu kawo sauyi, yau su ne 'yan mazan jiya.

Marriner bai bi su ba. Ra'ayinsa shi ne kayan zamani sun fi daidaita, sun fi daɗin ji a babban zaure, kuma mutanensa sun ƙware a kansu. Maimakon ya tsaya jayayya a kan filin da ake ƙwace masa, sai ya matsa gaba a tarihi. Ya faɗaɗa ƙungiyar, ya shiga Beethoven da Schubert da Mendelssohn, a 1982 ya naɗi wasan waƙa na Rossini, Wanzamin Sabiya. Ƙaramin rukunin masu goge ya bar wa Iona Brown, daga baya da Kenneth Sillito, suna jan sa daga kujera kamar yadda aka faro. A ganinmu ɓangarorin biyu kowa yana da gaskiyarsa. Masu tsirkiyar hanji sun ci gardamar ilimi, yau da wuya a naɗi Vivaldi ba da irin kayansu ba. Amma da Marriner bai share hanya ba, da ba su sami masu saurare ba. Akwai kuma wani zargin da ba za mu kare su daga gare shi ba: faifan sun yi yawa. Wanda ya naɗi 500 dole wasu su fito sumul ba aibu, amma ba abin da za ka tuna bayan an kashe na'ura.

Sai fim ɗin Amadeus ya zo a 1984. Miloš Forman ne ya ba da umarni, daga wasan kwaikwayon Peter Shaffer, a kan rayuwar Mozart, wanda aka haifa a Salzburg a 1756 ya mutu a Biyana a 1791 yana da shekara 35. Labarin ya ginu a kan hassadar da wai Antonio Salieri, makaɗin fada, yake yi masa. Mu ja hankalin masu kallo: wannan ƙagen marubuci ne, masana tarihi ba su sami hujjar cewa Salieri ya cuci Mozart ba. Da aka nemi Marriner ya ɗauki nauyin kiɗan fim ɗin, ya kafa sharaɗi ɗaya, cewa ba za a taɓa ko ɗigo ɗaya daga abin da Mozart ya rubuta ba. Aka yarda. Aka fara naɗar kiɗan tukuna, sannan aka je Prag aka ɗauki fim ɗin a kansa, akasin yadda aka saba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar takwas, faifan kiɗan ya ci Grammy, an kuma sayar da shi sama da miliyan shida. A 1985 Sarauniya Elizabeth ta ba Marriner sarautar Sir.

Sa'a ta sake zuwa ta hanyar na'ura. A 1982 Philips da Sony suka fito da faifan sidi, kuma Philips shi ne kamfanin da ƙungiyar ke aiki da shi. Mutane suka sake sayen abin da suke da shi a garmaho, kamfanoni suka sake naɗar komai. A 1991, cikar shekara 200 da mutuwar Mozart, Philips ya fitar da dukkan ayyukansa a sidi 180, kuma kaso mai tsoka na ciki aikin mutanen Marriner ne. A 1992 suka je Dublin suka yi Messiah na Handel, shekara 250 bayan an fara yin sa a wannan birni a 1742. A 1993 suka zama okestira ta farko da ta karɓi lambar Sarauniya ta fitar da kaya waje, lambar da aka saba ba masana'antu. Ta dace da su, domin ƙungiyar ba ta da zauren kanta, makaɗanta ba 'yan albashin wata ba ne, ana kiransu ne aiki-aiki, kuma abin da ya riƙe ta shi ne faifai da yawon ƙasashe, musamman Jamus da Amurka.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kasuwar faifai ta fara durƙushewa. Kowa ya riga ya cika kabad ɗinsa, ga intanet ta shigo. Ga kuma tambayar da ke jiran duk ƙungiyar da sunan mutum ɗaya ya rufe ta: wa zai gaje shi? Marriner bai jira mutuwa ta yanke hukunci ba. Tun da daɗewa yana barin su a hannun wasu yana zuwa nasa aikin, ya jagoranci makaɗan zaure na Los Angeles daga 1969, da okestirar Minnesota daga 1979 zuwa 1986, da ta gidan rediyon Stuttgart, don haka sun saba aiki ba ya nan. A 2000 aka ɗauko Murray Perahia, Ba'amurke mai fiyano, yana jan su daga kan fiyanonsa. A 2011 aka naɗa Joshua Bell darektan kiɗa, mutum na farko da ya riƙe wannan muƙami bayan Marriner, shi kuma dattijon ya koma shugaba na har abada. Bai daina aiki ba. Ya jagoranci kiɗa a Italiya 'yan kwanaki kafin mutuwarsa ranar 2 ga Oktoba, 2016, yana da shekara 92.

Shi Bell, haifaffen Indiana ne a 1967. Bayolin ɗinsa Stradivari ne ya ƙera shi a 1713, an taɓa sace shi a New York a 1936, ya ɓace kusan shekara hamsin kafin wanda ke riƙe da shi ya bayyana gaskiya a gadon mutuwa, Bell ya saye shi a 2001 a kan kusan dala miliyan huɗu. Da shi ya tsaya a wata tashar jirgin ƙasa a Washington a 2007, cikin kayan gida, ya yi kiɗa kusan minti arba'in da biyar. Mutum sama da dubu suka wuce, ya tashi da dala 32.

Da ya karɓi ƙungiyar bai ɗauki sanda ba. Ya zauna a kujerar farko ta masu bayolin, inda Marriner ya zauna a 1959, yana kaɗawa yana jan su da kai da kafaɗa, har a manyan ayyukan da Marriner ya ga sai an miƙe tsaye. Faifansu na farko a wannan tsari, simfoni na huɗu da na bakwai na Beethoven, ya fito a 2013 daga kamfanin Sony, ya kuma shiga a sahun farko na jerin cinikin irin wannan kiɗa a Amurka. Mai son ya ji bambancin da kunnensa, ya nemi wannan a YouTube, ya nemi Yanayi Huɗu na 1969, ya saurare su a jere.

Sakataren ƙungiya